Rabo Daidai: Yadda Za Mu Koya wa Yara Rabi da Rubu'i da Sumuni

Jama'ar aji, a darussan da suka wuce mun koyi ƙirga, mun koyi tarawa da ɗebewa. Yau za mu shiga lissafin abin da bai kai ɗaya ba, watau rabi, da sulusi, da rubu'i, da 'yan'uwansu. Wannan darasi namu ne, kuma na 'ya'yanmu ne. Abin da muka koya a aji da la'asar, shi za mu koya musu a gida bayan an ci tuwo.

Mu mutanen ƙasar Zurmi kullum cikin rabo muke. Da kaka muna fid da zakka daga cikin dammuna. Da salla muna watanda. In an yi rasuwa ana rabon gado. Wanda bai san lissafin rabo ba, ko dai a cuce shi bai sani ba, ko kuwa shi ya cuci wani bai sani ba. Na biyun ya fi muni, don hakkin mutane ne ya hau kansa.

Har wa yau akwai wani dalili. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe makarantu bayan an sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. A ƙauyuka da yawa na Zurmi da Shinkafi rashin zaman lafiya ya raba yara da aji, waɗansu ma ya raba su da garuruwansu. Yaro kuwa ba ya tsayawa da girma don an rufe makaranta. Saboda haka ya kamata uba da uwa da wa da ya su iya koyar da wannan lissafi da kansu, ko ina Allah ya ajiye su.

KAYAN AIKI

Ba sai mun sayi kome ba. Ga abin da muke bukata: wuri mai rairayi da za a share a yi zane, da karan dawa miƙaƙƙu, da 'yar igiyar rama, da tsofaffin takardu ko kwali, da yumɓu kaɗan, da gawayi. Wuƙa kuwa ta zauna a hannun babba.

Ku lura da wannan tun daga farko. Kada mu fara wa yaro da rubutun lamba. Mu bar shi ya taɓa da hannunsa, ya naɗe, ya karya, ya gwama wannan da wancan. Sai idonsa ya gane tukuna, sa'an nan a nuna masa yadda ake rubutawa. Gani ya kori ji.

SIFFOFI UKU

Za mu yi aiki da siffofi uku. Ta farko zagaye, kamar faifai, ko waina, ko bakin ƙwarya. Ta biyu mai kusurwa huɗu, kamar tabarma, ko ƙofa, ko fallen takarda. In gefunanta huɗu duk tsawonsu ɗaya, sai a ce da ita murabba'i. Ta uku mai kusurwa uku, wadda ake kira alwatika.

A rana ta farko mu sa yara su zaga gida su nuna mana waɗannan siffofi. Wanne ne zagaye? Wanne ne mai kusurwa huɗu? In sun nuna, sai su zana su a ƙasa da tsinke. Aikin ranar ke nan, kada a ƙara.

RABI

Mu ba yara biyu yumɓu su mulmula, su daɓe shi ya zama kamar waina. Mu ce da ɗayan, "Raba wannan biyu, kai da ƙanenka." Amma mu kafa doka: wanda ya raba, shi ne na ƙarshen ɗauka. Za ku ga yadda zai natsu, ya duba nan, ya duba can, don ya san in wani gefe ya fi girma ƙanensa ne zai ɗauke.

In ya raba, sai mu ɗora ɗaya bisa ɗaya. In sun hau kan juna, babu wanda ya leƙo, to, kowanne rabi ne. In ɗaya ya leƙo, sai a haɗa a sake.

Sau da yawa mukan ji yaro ya ce, "Inna, shi aka ba babban rabin." Sai mu gaya masa cikin wasa, rabi ba shi da babba, ba shi da ƙarami. In ɗaya ya fi ɗaya, gutsure biyu ne kurum, ba a kai ga rabi ba. Wannan ita ce dokar farko ta darasinmu: kowane kashi sai ya zama daidai da ɗan'uwansa. In yaro ya riƙe wannan doka, sauran duka masu sauƙi ne.

RUBU'I DA SUMUNI

Yanzu mu ɗauki fallen takarda. Mu naɗe ta biyu, baki ya haɗu da baki, mu danne. Mu buɗe. Kashi nawa? Biyu. Kowanne rabi.

Mu mai da ita yadda take, mu ƙara naɗewa sau ɗaya. Kafin mu buɗe, mu tambayi yaro, "Nawa kake tsammani za mu gani?" Mu bar shi ya faɗi nasa, sa'an nan a buɗe a ƙirga. Huɗu ne. Kashi ɗaya daga cikin huɗu shi ne rubu'i. Mutanen kasuwa sukan ce kwata.

Mu ƙara naɗi na uku. A nan yara da yawa za su ce shida. Kada mu ce musu kome, su buɗe su ƙirga da kansu. Takwas ne, don kowane kashi ya rabu biyu. Kashi ɗaya daga cikin takwas shi ne sumuni. Waɗansu sukan ce tumuni, duk ɗaya ne.

Sa'an nan mu tambaye su, "Takardar ta ƙaru?" A'a. "Ta ragu?" A'a. Takarda tana nan yadda take. Kashin ne ya yi yawa, kowane kashi kuwa ya ƙanƙance.

SULUSI DA SUDUSI

Raba abu uku ya fi raba shi biyu wuya. Mu fara da igiya. Mu lanƙwasa ta uku, mu yi ta gyarawa har tsawon ukun ya zama ɗaya, mu sa alama da gawayi a inda ta lanƙwashe. Kowane tsawo sulusi ne. Mu aza igiyar jikin kara mai tsawonta, mu yanke karan a kan alamun, yara su jera gutsattsarin su ga daidai suke. In aka raba kowane sulusi biyu, za a sami shida. Kashi ɗaya daga cikin shida shi ne sudusi.

Ga wata dabara ta raba zagaye shida, yara suna jin daɗinta ƙwarai. A kafa turke a ƙasa, a ɗaura masa igiya, a ɗaura tsinke a ɗaya bakin, a ja a zaga, kamar yadda ake shata harsashin kago ko rumbu. To, zagaye ya fito. Sai a yanko kara mai tsawon daga turke zuwa bakin zagayen. A aza shi, kansa da gindinsa duka suna taɓa layin zagaye, a sa alama. Daga wannan alama a sake azawa, a yi ta bi haka. Sau shida cif za a aza, a komo inda aka fara. Ko zagayen babba ne, ko ƙarami, sau shida ne. A ja layi daga kowace alama zuwa turke. Ga sudusi shida sun fito.

Mu sa yaro ya zuba toka a kan biyu da ke maƙwabtaka. Wannan wuri mai toka sulusin zagayen ne, don irinsa uku ne ke cika shi. Ya ƙara zuba toka a kan na uku. Yanzu rabi ya yi fari, rabi bai yi ba. Ashe sudusi biyu sulusi ne, sudusi uku kuwa rabi.

YADDA AKE RUBUTAWA

In yaro ya saba da waɗannan a hannu, sai a zo ga rubutu. Ana rubuta lamba biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, da layi a tsakaninsu. Ta ƙasa tana gaya mana kashi nawa aka raba abin. Ta sama tana gaya mana nawa muka ɗauka. A allo ana jan layin a kwance. A cikin wannan littafi a karkace yake, lambar sama tana hagu, ta ƙasa tana dama.

Rabi, 1/2, ɗaya daga cikin biyu.
Sulusi, 1/3, ɗaya daga cikin uku.
Rubu'i, 1/4, ɗaya daga cikin huɗu.
Humusi, 1/5, ɗaya daga cikin biyar.
Sudusi, 1/6, ɗaya daga cikin shida.
Subu'i, 1/7, ɗaya daga cikin bakwai.
Sumuni, 1/8, ɗaya daga cikin takwas.
Tusu'i, 1/9, ɗaya daga cikin tara.
Ushiri, 1/10, ɗaya daga cikin goma.

Ban da rabi, duk waɗannan sunaye daga Larabci suka shigo Hausa, ta hannun malamai. Shi kansa layin nan na tsakiya, an fara ganinsa ne a littafin wani masanin lissafi na ƙasar Maroko mai suna Alhassar, wanda ya yi zamani a ƙarni na 12. Wanda ya wuce goma ba shi da suna na kansa, sai a ce ɗaya bisa goma sha biyu, ɗaya bisa ashirin, da haka da haka.

In mun ɗauki kashi fiye da ɗaya, lambar sama ce ke sakewa. Mun raba waina huɗu mun ci uku, mun ci 3/4 ke nan, saura 1/4. In mun cinye duka, 4/4, watau waina ɗaya sukutum.

KASHI ƊAYA, SUNA DA YAWA

To, yanzu mun zo ga cibiyar darasi. Mutum ɗaya yakan amsa suna da yawa. Uwarsa tana kiransa da wani, abokansa da wani, 'ya'yansa suna ce masa Baba, amma shi ɗin ne dai. Haka kashi yake.

Mu sami takardu uku, girmansu ɗaya. Ta farko a naɗe biyu, ta biyu a naɗe huɗu, ta uku a naɗe takwas. A kan ta farko yaro ya goga gawayi a kashi ɗaya. A kan ta biyu ya goga a kashi biyu na gefe guda. A kan ta uku ya goga a kashi huɗu na gefe guda. A jera su a ƙasa. Mu tambaye shi, "Wacce ta fi baƙi?" Zai duba ya ce duk ɗaya ne. In yana shakka, a yanke baƙaƙen a ɗora su bisa juna. Sa'an nan a rubuta masa:

1/2 = 2/4 = 4/8

Waɗannan 'yan layuka biyu da ke tsakani ma'anarsu "daidai yake da".

In ya ga wannan sau da yawa, shi da kansa zai lura da yadda lambobin ke tafiya. In ta ƙasa ta ninka biyu, ta sama ma ta ninka biyu. Dalili kuwa a fili yake a jikin takarda: naɗi ɗaya yana raba kowane kashi biyu, da wanda ke da gawayi da wanda ba shi da shi. Ga doka ta biyu ke nan: abin da ka ninka ƙasa da shi, ninka sama da shi, kashi ba zai sake ba. Haka in ana komowa baya: abin da ka raba ƙasa da shi, raba sama da shi. Misali 6/12. A raba 6 gida shida, 1. A raba 12 gida shida, 2. Ashe 6/12 rabi ne ya sake riga.

Akwai misalai a kusa da mu waɗanda yara suka riga suka sani.

Na farko, makarantar allo. Alƙur'ani mai girma izu 60 ne. Kowane izu an kasa shi sumuni takwas. Almajiri ya san sumuni biyu su ne rubu'i, rubu'i biyu su ne nusufi, watau rabin izu. Wanda ya hardace sumuni huɗu ya hardace rabin izu. Wannan shi ne 4/8 = 2/4 = 1/2, ba ragi ba ƙari.

Na biyu, agogo. Fuskar agogo mai hannu zagaye ce, awa ɗaya kuwa minti 60. Minti 15 kwata, minti 30 rabi. Kwata biyu rabin awa ne. In an ce ƙarfe huɗu saura kwata, dogon hannu ya ci kashi uku daga cikin huɗu na zagayensa.

Na uku, kuɗi. Dattawan ajin nan sun tuna kuɗin da aka yi ciniki da su kafin a kawo naira da kwabo a 1973. Sule ɗaya kwabo 12 ne. Sisi kwabo 6, rabin sule. Taro kwabo 3, rubu'in sule. Kowa ya san taro biyu sisi ne, ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. A kuɗin yanzu mu ɗauki naira 1,000. Naira 500 rabinta ce, naira 200 humusinta, naira 100 ushirinta. 'Yan ɗari-ɗari biyu daidai suke da 'yar ɗari biyu guda, watau 2/10 = 1/5. 'Yan ɗari-ɗari biyar daidai suke da 'yar ɗari biyar, watau 5/10 = 1/2.

RABI MAI KAMA DABAN

Mu yanko murabba'i biyu, girmansu ɗaya. Na farko a raba shi ta tsakiya, a sami masu kusurwa huɗu guda biyu. Na biyu a raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa, a sami alwatika biyu. Mu ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, mu ce da yaro, "In waɗannan gonaki ne, wacce za ka zaɓa?" Yawancin yara alwatika suke zaɓa, don ta fi tsawon baki.

Ga yadda za a warware musu. A yanko murabba'i na uku, a naɗe shi huɗu, a sami ƙananan murabba'ai huɗu. A yanke kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa. An sami 'yan alwatika takwas, duk girmansu ɗaya. Yaro ya jera su a kan gonar farko har ta rufu. Huɗu za ta ci. Ya kwashe ya jera a kan ta biyu. Ita ma huɗu. Ashe kowacce 4/8 ce, watau rabi. Kamanninsu ne suka bambanta, faɗin ƙasar ɗaya ne. Wannan zai yi masa amfani ran da zai tsaya a kan iyakar gona.

RAMUKA UKU

Akwai wurare uku da yara kan faɗa, har da manya.

Na ɗaya, yaro ya ga 1/8 da 1/4, ya ce 1/8 ya fi yawa, don 8 ta fi 4. Kada mu tsawata masa. Mu ce, "Malmalar tuwo ɗaya, ku huɗu a kanta, ko ku takwas, a ina za ka fi ƙoshi?" Nan da nan zai gane. In masu rabo sun yi yawa, kason kowa ya ragu.

Na biyu, ya raba zagaye da layuka uku a jere, ya sami gutsure huɗu, ya ce kowanne rubu'i ne. A yanke a gwama, zai ga na tsakiya sun fi na gefe. A tuna masa da dokar farko.

Na uku, ya manta da abin da aka raba. Rabin buhu da rabin tiya duk sunansu rabi, amma wanda aka ba rabin tiya bai sami abin da mai rabin buhu ya samu ba. Kullum in an ce rabi, mu koya wa yaro ya tambaya, "Rabin me?"

INDA WANNAN ILMI ZAI YI RANA

Watanda. A ce mutane sun haɗa kuɗi sun sayo sa daga kasuwar Shinkafi a kan naira 600,000, za a kasa naman kashi 12. Kowane kashi naira 50,000 ke nan. Wani mai iyali da yawa ya ɗauki kashi uku. Nasa 3/12 ne, watau rubu'i. Rubu'in 600,000 kuwa 150,000 ne. In an lissafa ta kashi-kashi, 50,000 sau uku, 150,000. Hanya biyu sun kai gida ɗaya. In lissafi biyu ba su haɗu ba, to, akwai kuskure, a sake dubawa kafin a yi rigima.

Zakka. Amfanin gona da ya kai nisabi, in ruwan sama ne ya raya shi, ushiri ake fitarwa. In kuwa da wahalar ban ruwa aka noma shi, rabin ushiri ne, watau ɗaya bisa ashirin. A zana wa yaro mai kusurwa huɗu a ƙasa, a raba shi gida 40, layi huɗu, kowane layi gida goma. A ce kowane gida buhu ɗaya ne. Daga kowane layi ya ɗauki gida ɗaya. Ya ɗauki huɗu. 4/40 = 1/10. In na ban ruwa ne, rabin wannan, buhu biyu, 2/40 = 1/20. Zakkar kuɗi kuwa rubu'in ushiri ce, gida ɗaya tak daga cikin arba'in ɗin nan.

Gado. Kason da aka ambata a Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, da rubu'i, da sumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Ku duba, duk mun yi su da takarda da igiya. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da uba, da 'ya'ya maza da mata. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, matar tana da sumuni, shi ne ake kira tumunin takaba. Uwa tana da sudusi, uba yana da sudusi, saura na 'ya'ya.

Yaya za a fid da sumuni da sudusi daga abu ɗaya? Sai a nemi lambar da 8 ke rabawa, 6 ma ke rabawa. Ita ce 24. A zana mai kusurwa huɗu, layi huɗu, kowane layi gida shida, gida 24 ke nan. Sudusi gida huɗu ne, don 4/24 = 1/6. Sumuni gida uku ne, don 3/24 = 1/8. Uwa 4, uba 4, mata 3, sun tashi 11. Saura gida 13 na 'ya'ya. In matan biyu ne, sumunin nan ɗaya za su raba, ba a ƙara wani. Sai a raba kowane gida biyu, su zama 48. Sumuni ya zama 6/48, kowace mace ta sami gida uku.

Rabon gado aikin alƙali ne da malaman da suka karanci ilminsa, don hukuncinsa yana sakewa bisa ga waɗanda mamaci ya bari. Wannan darasi bai mai da mu masu rabon gado ba. Amma macen da ta san sumuni gida uku ne daga cikin 24, in an yi rabo a gabanta za ta bi lissafin da idonta, ta karɓi hakkinta da natsuwa. Saboda haka lalle mu zaunar da 'ya'ya mata a wannan darasi tare da maza.

GARGAƊI GA MAI KOYARWA

Yaro ɗan shekara biyar ko shida, rabi ya ishe shi. In ya riƙe shi sosai, a ƙara rubu'i. Sulusi da sudusi sai ya ƙara wayo. Zama ɗaya kada ya wuce kwatan awa. In ya gaji a sallame shi, gobe ma rana ce. In ya yi kuskure, kada a daka masa tsawa, kada a ɗauko bulala. A miƙa masa takarda a ce, "Naɗe mu gani." Takardar za ta gyara shi. In an sayo rake ko ƙuli-ƙuli ko gurasa, a ba shi ya raba wa ƙannensa, ya faɗi sunan kason kowa. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI

1. Zana zagaye a ƙasa ka raba shi huɗu daidai. Zuba toka a kan biyu. Rubuta sunan wurin da ke da toka ta hanya biyu.
2. Sumuni nawa ne a cikin rubu'i uku?
3. Wanne ya fi yawa, sulusin buhu ko rubu'in buhu?
4. Cika wannan: 1/3 = ?/6 = ?/12
5. An kasa nama kashi 10, ka ɗauki 5. Mene ne sunan rabonka a taƙaice?
6. Manomi ya sami buhu 30 na gero da ruwan damina. Buhu nawa ne ushiri?
7. Mota ta tashi daga Kaura Namoda za ta Zurmi. Ta ci kashi biyu daga cikin shida na hanya. Sulusi nawa ya rage mata?

AMSOSHI

1. 2/4 da 1/2. 2. Shida. 3. Sulusi. 4. 2/6 da 4/12. 5. Rabi. 6. Buhu uku. 7. Sulusi biyu.

Kowa ya gwada waɗannan a gida tare da yaransa. Ran da za mu komo aji, kowa ya zo da takardun da yaran suka naɗe, mu duba su tare. A darasi mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu koyi yadda ake tara rabi da sulusi. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, amin.